Tikitin Bas a Bayan Ƙamus

Ƙarfe huɗu da kwata a Valdivia,
ruwan sama bai san ranar hutu ba.
Ƙofar laburare ta yi ƙara irin ta gwiwar tsoho,
sai ga su, jiƙe sharkaf,
takalma na barin ƙananan tafkuna a kan katako,
da warin rigar sanyi, da na soyayyen dankali.

Ba don littafi suke zuwa ba, na sani.
Don murhun da ke kusurwa suke zuwa,
don ramukan caji uku da ke aiki cikin bakwai,
don nan kaɗai ne a garin
mutum zai zauna awa uku ba a ce masa sayi wani abu ba.

Shekara sha tara ina bayan teburin nan.
Tuni na daina cewa a yi shiru.
Shiru na manya ne, yana hawa na biyu.
A nan ƙasa Baltazar kan ɗora kumatu a kan taswirar duniya,
miyau ya jiƙa rabin tekun Indiya,
don tun asuba yake taya ubansa ɗaukar kwandunan kifi
a kasuwar bakin kogi.
Ba na tashinsa. Teku ba ya ƙin ƙari.

Millaray kuwa tambaya ce mai ƙafafu.
"Malama Eduvigis, akwai labarin da uwa ba ta mutuwa a ciki?"
Na ce akwai mana.
Sai da na wuce kanta uku kafin in fita kunya.

Kwamfuta ta ce ana bin Nahuel tarar peso dubu huɗu.
Yatsana ya zame.
Kwamfuta ta manta.

Wata Laraba, ina goge bayan kantar ƙamus,
na tarar da littafi a ɓoye, mai shuɗin bango,
labarin yaron da mahaifinsa ke gidan yari.
Ba a taɓa aronsa ba, katinsa fari fat,
amma a shafi na arba'in da ɗaya
ga tikitin bas, an ninke shi biyu.

Ƙa'ida ta ce in mai da shi mazauninsa.
Na mai da shi inda na same shi.

Ran Juma'a tikitin ya kai sittin.
Daga nan ya tsaya cak, kwana shida,
har na koma ƙirga kawuna a bakin ƙofa
kamar kaza da magariba,
ina neman wanda babu, alhali ban san ko wane ne ba.
Sai ya tsallaka ɗari da goma,
da tabon ruwa a gefen shafi.
Na ce wa kaina ruwan sama ne.
A garin nan komai ruwan sama ne.

Da na so, da na gano.
Madubin saman ƙofa na kallon lungun nan sarai.
Na juya kujerata ta fuskanci taga,
na yi wata guda ina kallon motoci na watsa wa mutane ruwa.

Ranar da tikitin ya isa bangon baya
na ciro wani daga jakata,
wanda na saya da kuɗin cefanena a titin Picarte,
na tura shi bayan ƙamus, ban rubuta komai ba.

Kwana biyu ba a taɓa shi ba.
A na uku, sabon tikiti, shafi na bakwai,
a bayansa da fensir, ƙananan haruffa masu karkata:
wannan ya cika tsawo.

Na yi dariya ni kaɗai har wata daga hawa na biyu
ta leƙo ta ce in yi shiru.

Ƙarfe bakwai. Na kashe murhu,
na tsinci safa ɗaya da bawon lemo a ƙarƙashin tebur,
na taɓa kafaɗar Baltazar.
Ya ɗago da layin gaɓar Afirka a kumatunsa,
ya ce, an tashi?